Waya da Karatun 'Yan Ƙaramar Sakandare a Bauchi: Abin da Na'ura Za Ta Iya da Abin da Ya Fi Ƙarfinta

Da wuya a yi taron iyaye da malamai yau a Bauchi, ko a buɗe layi a rediyo kan maganar ilimi, a tashi ba a taɓo waya ba. Wasu na cewa ita ta kashe karatu, don haka a hana yara ita ɗungurungum, wanda aka kama da ita a ƙwace. Wasu kuma na cewa zamani ya wuce nan, in dai gwamnati za ta raba wa ɗalibai kwamfutar hannu, karatu zai dawo da kansa. Akwai tambayar da duka ɓangarorin ke tsallakewa: yaro ɗan shekara 11 zuwa 14, da ke aji ɗaya zuwa uku na ƙaramar sakandare, me zai sa ya ɗauki rubutu ya karanta alhali malami bai tsare shi ba, kuma gobe babu gwaji? Sai an amsa wannan za a san ko na'ura tana da gurbi a ajin Hausa da na Turanci, da kuma iya faɗin gurbin.

## Wane irin karatu ake magana a kai?

Ba bitar nota ake nufi ba, ba haddar ƙa'idojin nahawu ba. Ba kuma karatun nan na bi-da-bi da ake yi a aji ba, inda kowane yaro ke ƙirga sakin layin da zai faɗo kansa yana gwada shi a zuci, har a zo kansa bai ji ko kalma ɗaya daga abin da na gabansa ya karanta ba. Karatun ƙashin kai shi ne yaro ya zaɓi abin da yake so, ya zauna da shi shiru, ya bi shi har ƙarshe, ko in bai yi masa ba ya ajiye ya ɗauki wani, ba tare da an tare shi da tambayoyin auna fahimta a gindin kowane shafi ba. Yana iya zama labari, ko tarihin Yakubun Bauchi, ko bayanin yadda injin babur ke aiki, ko sharhin wasan Wikki Tourists.

Zaɓi shi ne ginshiƙinsa, amma zaɓi ba ya aiki in rubutun ya fi ƙarfin yaro. Masana koyar da harshe, irin su Paul Nation, sun nuna cewa mai karatu na bukatar ya san kusan kalma 98 cikin kowace 100 kafin ya bi rubutu shi kaɗai cikin jin daɗi. Ma'ana, in a kowane layi akwai kalma biyu da yaro bai sani ba, ba karatu yake ba, wahala yake sha. Sai kuma lokaci. Yarinyar da ta taso daga boko ta wuce Islamiyya, ta dawo ta tarar da wanke-wanke da raino, ko yaron da ke tsaron shago a Wunti bayan la'asar, in ba a ware musu lokacin karatun a cikin makaranta ba, babu inda za su same shi.

## Me ya sa aka damu da waɗannan shekaru?

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Ga yara da yawa a Ningi, Zaki, Ganjuwa ko Alkaleri, aji uku ɗin nan shi ne aji na ƙarshe da za su taɓa zama a ciki. Yarinya a yi mata aure, yaro ya kama gona, ko koyon sana'a, ko acaɓa. Wanda ya fita ya saba da karatu zai ci gaba da koyo ko ba malami. Wanda ya fita bai saba ba, ɗan abin da ya iya ma zubewa yake cikin shekaru kaɗan.

Kuma a nan ne darussa ke juyewa. A firamare ana koyon karatu ne. Daga aji ɗaya na sakandare kuwa, da karatun ake koyon komai, kimiyya, tarihi, addini, har lissafin da ake bayar da shi cikin jimla. Wani masani mai suna Keith Stanovich ya yi bayanin abin da ke biyo baya tun 1986: yaron da ke karatu yana ƙara kalmomi, kalmomin su sauƙaƙa masa karatu na gaba, sai ya ƙara son abin. Wanda karatu ke ba wuya yana gudunsa, kalmominsa su tsaya cak, littafin aji na gaba ya ƙara yi masa nauyi. Tazarar da ke tsakaninsu ƙaruwa take kowace shekara, ko da malaminsu ɗaya, bencinsu ɗaya.

## Me bincike ya nuna, kuma ina aka yi saɓani?

Gwajin da ya fi kusa da halin da muke ciki an yi shi ne a tsibirin Fiji a farkon shekarun 1980. Masu bincike biyu, Warwick Elley da Francis Mangubhai, sun shiga makarantun karkara takwas, inda yara ke magana da harshensu a gida amma ana koya musu Turanci a makaranta, suka zuba musu littattafan labari masu daɗi guda 250. Bayan wata takwas, yaran sun ci gaba a fahimtar karatu da saurare da ninki biyu na yadda aka saba gani, kuma da aka sake aunawa bayan wata 20, ribar ta ƙaru. Babu kwamfuta ko ɗaya a cikin wannan gwaji. Littattafai ne da yawa, da lokaci a kullum, da malaman da aka nuna wa yadda za su yi.

Amma ba kowa ya gamsu ba. A shekarar 2000 wani kwamitin ƙasa kan karatu a Amurka ya duba binciken da ake da shi, ya ce bai ga isasshiyar hujjar cewa barin yara su yi karatun shiru kawai yana ɗaga ƙwazonsu ba. Masu sukar karatun ƙashin kai suna yawan kafa hujja da wannan, kuma suna da gaskiyarsu ta wani gefe. In malami ya ce "kowa ya ɗauki littafi" ya koma tebur yana makin takardu, masu iyawa za su karanta, marasa iyawa za su riƙe littafi suna kallon taga. Abin da na fahimta daga haɗa waɗannan biyu shi ne, aikin malami ba ya raguwa a wannan tsari, sauya kama yake yi. Shi zai san wane littafi ya dace da wane yaro, shi zai zagaya ya durƙusa kusa da mai fama, shi zai tayar da hira a kan abin da aka karanta.

## Inda gizo ke saƙar: yaron da bai iya haɗa baƙi ba

Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi, kuma a Afirka kudu da Sahara abin ya kusa kashi 90. Waɗannan yaran su ne ke shiga aji ɗaya bayan shekara ɗaya ko biyu.

Duk malamin Turanci a makarantar gwamnati ya san yadda abin yake. Ya ce, "Kai na bayan can, tashi ka karanta mana sakin layi na biyu." Yaro ya miƙe, ya ɗora yatsa a kan layi, ya fara furta kalmomi ɗai-ɗai, wasu daidai, wasu da ka. Ya kai aya ya numfasa. Malam ya ce, "To, gaya mana da Hausa, me ya faru a nan?" Yaro ya sunkuyar da kai: "Malam, ban gane ba." Wannan ma mai dama-dama ne. A bencin da ke bayansa akwai wanda ko da Hausa aka rubuta ba zai haɗa "ba" da "ki" ya fitar da "baki" ba, ya dai ƙware wajen kwafar allo da hannu mai kyau, shi ya sa ba a gane shi ba har ya kai aji biyu.

Irin wannan yaro, ko kwamfutar hannu goma aka ba shi cike da littattafai, hotuna zai kalla. Koyarwa yake bukata, ta baƙi da wasali, a ƙaramin rukuni, ba tare da an kunyata shi a gaban ƙannensa ba. Bauchi ta san wannan aiki, domin daga 2015 shirin NEI Plus mai tallafin Amurka ya yi aiki a Bauchi da Sakkwato, ya samar da littattafan Mu Karanta na koyon karatu da Hausa a aji ɗaya zuwa uku na firamare, aka horar da malamai a kansu. Sai dai wannan ƙoƙari a ƙananan azuzuwa ya tsaya. Yaron da ya wuce firamare uku bai kama ba, ba wanda ke jiransa a gaba. Duk makarantar da za ta fara karatun ƙashin kai, aikinta na farko a makon farko shi ne ta zaunar da kowane ɗan aji ɗaya ya karanta layi biyar na Hausa da biyar na Turanci, a san waye ina. Wannan ba ya bukatar caji.

## Matsalar da na'ura ke iya warwarewa

Ƙarancin abin karantawa tsohuwar cuta ce a wajenmu. Ita ta sa a 1933 wani Bature jami'in ilimi mai suna Rupert East ya shirya gasar rubuta labarai da Hausa, don an koya wa yara boko amma babu abin da za su karanta da shi. Cikin waɗanda suka amsa kiran har da wani matashin malami a makarantar Midil ta Bauchi, Abubakar Tafawa Balewa. Shekara 90 da ɗoriya bayan nan, a shiga makarantun jeka-ka-dawo a tambayi laburare: wani wurin babu, wani wurin ɗakin ya zama ofis ko sito, wani wurin kuma kantocin na ɗauke da littattafan kyauta daga ƙasashen waje da ba su dace da kowa ba. Iyaye kuwa, da kyar ake sayen littafin darasi, ina ga na labari.

A nan ne na'ura ke da ƙarfin da takarda ba ta da shi. Memori ɗin da bai kai farce ba zai ɗauki littattafan da za su cika ɗaki. Akwai rumbunan littattafai na kyauta a intanet da ke da Hausa da Turanci mai sauƙi: African Storybook daga Afirka ta Kudu, StoryWeaver daga Indiya, da Bloom Library. Yawancin abin da ke cikinsu an sake shi ne da izinin kowa ya sauke, ya buga, ya fassara, kuma an jera shi mataki-mataki bisa wahala, wanda shi ne ainihin abin da malami ke bukata. A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da dandalin koyo ta intanet mai suna Nigeria Learning Passport. Akwai kuma manhajoji irin su Kolibri da ake zuba wa kaya sau ɗaya su yi aiki ba intanet. Kuma hanyar raba kayan ma tana nan tun tuni: rumfunan masu cajin waya da ke tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi a kowace kasuwa, da Xender da yara suka fi manya iyawa.

Maganar cewa mutanenmu ba za su yi dogon karatu a waya ba, ba ta da tushe. UNESCO ta yi nazari a 2014 a ƙasashe bakwai har da Najeriya, ta tambayi mutum sama da 4,000 masu karatu a waya, ta ga cewa mata, da zarar sun fara, sun fi maza daɗewa suna karatu nesa ba kusa ba. Ba sai mun je nesa ba ma. A gidaje da yawa a Bauchi da Azare akwai yarinya 'yar aji biyu da ke jiran mahaifiyarta ta yi sallar isha'i ta ce, "Umma, ara mini wayarki," ta lafe a ƙuryar ɗaki tana bin labari babi na arba'in a WhatsApp, har sai batir ya mutu. Malaminta na iya rantsewa ba ta son karatu. Tana so. Ba a dai ba ta abin da ya kai wannan jan hankali ba.

Sai dai nan ma akwai rami biyu. Na farko, waɗancan labaran na WhatsApp da na dandalin labarai na Wattpad manya aka rubuta wa, wasu cike da zancen ɗakin aure, wasu batsa ce tsagwaronta, kuma tsoron da iyaye ke yi ba na banza ba ne. Ga kuma ƙa'idar rubutu da ta tafi: "yazo", "nace", "inason", babu ƙugiya a ƙa, ɗa da ɓa. Yaro abin da idonsa ya saba gani shi hannunsa ke rubutawa, malamin Hausa kuma ya tarar da shi a insha'i. Na biyu, littattafan kyauta masu tsabta da na ambata, mafi yawansu na ƙananan yara ne. Ka miƙa wa saurayi ɗan shekara 14 labarin zomo mai layi biyu a shafi, ko da shi ne daidai ƙarfinsa, zai ji an raina shi, ya ture. Tsakanin labarin zomo da labarin kishiya akwai fili fetal, kuma a cikinsa 'yan ƙaramar sakandare suke tsaye.

## Abin da ya fi ƙarfin na'ura

Ƙasar Peru ta raba wa 'yan makaranta ƙananan kwamfutoci masu ɗimbin yawa, bincike ya biyo baya ya ga yara sun iya sarrafa kwamfuta, amma karatunsu da lissafinsu ba su motsa ba, don ba a haɗa na'urar da yadda ake koyarwa ba. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a ilimi ya kawo wannan misali, ya kuma yi kashedin cewa waya a aji tana raba hankalin ɗalibi in ba aikin darasi aka sa ta ba. A shekarar ce kuma Suwidin, wadda ta yi nisa wajen sa na'ura a azuzuwa, ta juya tana zuba kuɗi a littattafan takarda. Wasu masana a Jami'ar Valencia sun tattara bincike 54 a 2018, suka ga cewa a rubutun bayani, musamman in ana ƙure lokaci, mutane sun fi fahimta a takarda. A labari kuwa bambancin bai fito ba. Wannan ya dace da mu: labari a waya ba laifi, amma littafin kimiyya gara a riƙe shi a hannu.

Namu matsalolin sun fi waɗannan kusa da ƙasa. Wuta ba tabbas, makarantu da yawa ko wayar lantarki ba a ja musu ba. A watan Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, don haka duk tsarin da ya dogara da yaro ya hau intanet kullum, 'ya'yan masu hali kawai ya ɗauka. Sannan ga abin da ke faruwa da kayan da aka raba. An kawo kwalaye, an yi biki, an ɗauki hoto. Bayan wata biyu malamar Hausa ta je neman makulli, shugaban makaranta ya ce, "Malama, in ɗaya ta fashe wa zai biya? Ni za a tuhuma." Ba mugunta ba ce, an ba shi kaya an sa hannu, ba a ba shi kuɗin gyara ba, ba a gaya masa fashewa na cikin lissafi ba. Sai kayan su zauna a sito har batir ya kumbura. Shirye-shirye irin su AGILE, shirin Bankin Duniya na tallafa wa ilimin 'yan mata, da Bauchi da Gombe ke cikin jihohin da aka ƙara a ciki, suna kawo kayan fasaha makarantun sakandare; abin dubawa shi ne ko awa nawa kayan ke yi a hannun yara a mako, ba ko guda nawa aka sauke ba.

Wani abu kuma sabo: ƙirƙirarriyar basira. Yaron birni mai waya yanzu zai iya sa manhaja ta taƙaita masa littafin da bai buɗe ba. Aikin gida na "rubuta taƙaitaccen labarin" ya rasa amfaninsa. Tambayar baki ta fi: wa ka fi tsana a labarin, me ya sa? Wanda ya karanta, idonsa ma zai nuna.

## Da Hausa ko da Turanci?

A watan Nuwamba na 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare. A Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da soke ta, aka koma Turanci a matsayin harshen koyarwa. Wasu iyaye da malamai sun ɗauki wannan a matsayin cewa karatun Hausa ɓata lokaci ne. Kuskure ne. Maganar harshen da malami zai koyar da kimiyya daban, maganar abin da yaro zai karanta don ya saba da karatu daban, kuma Hausa tana nan a matsayin darasi.

Masu cewa a dage kan Turanci suna da hujja mai nauyi: da shi ake jarrabawar aji uku, da shi ake WAEC da JAMB, kuma yaron ƙauye ba ya jin sa a ko'ina sai a aji, don haka littafi ne kaɗai zai kawo masa shi. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Amma ɗabi'ar zama da rubutu na rabin awa, da saurin ido, da sanin cewa a cikin baƙaƙen nan akwai daɗi, ana samun su ne a harshen da yaro ke ji. Wanda ya ɗanɗana a Hausa ya fi sauƙin jure wa Turanci mai sauƙi, daga nan ya hau. A ganina a aji ɗaya Hausa ta fi yawa, Turanci ya zama gajere mai sauƙi, a riƙa sauya ma'aunin har zuwa aji uku. Kar kuma a manta Bauchi ba Hausa kaɗai ba ce. Yaron Bogoro mai jin Sayanci, na Dass mai jin Jaranci, da ɗan rugar da ya tashi da Fulatanci, Hausa ma harshe na biyu ce gare su, ko da sun iya ta a kasuwa. Manhaja irin Bloom an yi ta ne don mutanen gari su rubuta ƙananan littattafai da harshensu, kuma nan ma wuri ne da na'ura ta fi maɗaba'a sauƙi.

## Yaya abin zai kasance a aji mai yara 80 da waya ɗaya?

Wannan shi ne ajin da muke da shi, don haka da shi ya kamata a yi lissafi. Wayar malami ita ce rumbu. Ya sauke labarai in ya shigo gari, ya zaɓi ashirin ko talatin masu mataki daban-daban, a buga su a shagon fotokwafi da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, a ɗinke da zare, a zuba a akwati mai kwaɗo. Na'ura ta ɗauko, takarda ta raba. Minti 20 sau uku a mako, a rubuce a jadawali yadda ba wanda zai cinye shi da kwafar nota, kuma malam ma ya riƙe nasa littafin in ba zagayawa yake ba.

Ƙaramar sifika mai caji tana wani aikin. Malami ya naɗi muryarsa, ko ta wani mai iya karatu, yara su bi rubutun da ido suna jin yadda ake furtawa; ga Turanci wannan yana da amfani ƙwarai, tunda rubutunsa da furucinsa ba sa tafiya tare. A lura dai, sauraren labari a YouTube ko a rediyo ba tare da rubutu a gaba ba nishaɗi ne mai kyau, amma ba ya koya wa ido komai. Dabara mafi arha kuma ita ce malami ya karanta babin farko da murya mai daɗi, ya tsaya daidai inda aka matsu, ya ce saura na cikin akwati. Ranar Alhamis a ba yara uku minti bibbiyu su tallata wa 'yan'uwansu abin da suka karanta, a naɗa a waya, a tura zauren WhatsApp na iyaye. Uban da ya ji muryar 'yarsa tana bayani ba zai sake cewa ana wasa a makaranta ba.

Abin da zan roƙi malamai su guje shi ne mayar da karatun ƙashin kai jarrabawa. Da zarar an ɗora maki da bulala a kai, yara za su zaɓi littafi mafi sirantaka su yi ƙaryar sun gama.

## Me wannan ke nufi ga talaka?

In aka bi hanyar hana waya kwata-kwata ba tare da an kawo littafi ba, ɗan mai kuɗi ba abin da ya rasa, akwai littafi a gidansu. Ɗan talaka ne aka toshe wa ƙofa ɗaya da ta rage. In aka bi hanyar "kowa ya zo da wayarsa", nauyin ya koma kan uban da ke da 'ya'ya shida a makaranta, kuma a gidaje da yawa namiji za a fara saya wa, mace ta jira. Tsarin da kayan ke zama na makaranta, karatun kuma a cikin lokacin makaranta, shi ne kaɗai ke riskar yarinyar Gamawa da yaron unguwar GRA a tare. Akwai kuma ribar gefe: tun 2015 JAMB a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya, kuma yaron da ya saba bin dogon rubutu a fuskar na'ura ba zai firgita ranar da ya zauna gabanta ba.

Ga iyaye a gida, abin da ya fi ƙwace waya amfani shi ne a san me ke cikinta. A kashe data, a zuba littattafan da malami ya turo, a ce yaro ya karanta wa ƙannensa ko kakarsa shafi biyu bayan magariba.

## Wa zai rubuta abin da ya ɓace?

Duk wannan zai tsaya a rabin hanya in ba a cike wancan fili ba: gajerun littattafai masu harshe mai sauƙi amma zancen manyan yara, da Hausa mai ƙa'ida da Turanci mai mataki. Labarin ɗan koyon gyaran waya, na 'yar da ke son zama nas, na ɓatan shanu a dajin Yankari, tarihin Sa'adu Zungur yadda ɗan shekara 13 zai bi shi. Masu iya rubutawa muna da su. Akwai sassan Hausa da Turanci a Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare da ta Kangere, inda za a iya sa kowane ɗalibi mai shirin zama malami ya rubuta ɗan littafi ɗaya ya gwada shi a aji lokacin koyon aikin koyarwa. Akwai kuma marubutan intanet ɗin nan da ake zargi, mata mafi yawansu, waɗanda sun riga sun san yadda ake riƙe mai karatu har babi na arba'in. Edita da kwangila suke bukata.

Sharaɗin da ya kamata hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ko duk mai ɗaukar nauyi ya sa shi ne a biya marubuci haƙƙinsa cikakke sau ɗaya, sannan a saki littafin da izinin kowa ya kwafa. In ba haka ba, malamin da ya buga kwafi talatin a shagon fotokwafi ya ci haƙƙin marubuci, marubucin kuma zai ci gaba da sayar da babi-babi ga manya a WhatsApp, tunda can ne kuɗinsa ke fitowa.